Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tashe da Fim ɗin Mai Shan Jini

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda Baba ya kai ni riƙo gidan Kawu a cikin birnin Kano.

Kallon da na fara sani a gidan nan shi ne tashe. Azumi na cika kwana 10, an sha ruwa an idar da asham, sai lungunanmu su kaure da kiɗan gwangwani. Mu liƙa gemun auduga, mu cusa tsumma a riga ya zama tumbi, mu bi gida-gida muna Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani. 'Yan mata kuma na can suna Ga Mairama Ga Daudu, ɗaya ta saka babbar riga da hula ta zama miji. Mu ne mawaƙa, mu ne 'yan amshi, mu ne 'yan wasa, a sallame mu da gero ko 'yan kwabbai. Manya kuwa Nalako, sarkin gwagwaren Kano, suke jira da tashen gwauro. Har gobe ban ga wasan kwaikwayo mai waƙa da ya ratsa ni kamarsa ba, domin cikin raha ake faɗa wa marowaci da mugun miji gaskiya a tsakar gidansu, kuma dole su yi dariya.

Bayan sallah ne wani maƙwabcinmu ya sayo bidiyo mai kaset. A zaurensa, muna zube a tabarma, na fara ganin Drakula. Ba ma jin Turanci, amma wani yayanmu yana fassara mana: wai da rana a akwatin gawa yake kwana, madubi ba ya nuna shi, ba ya son tafarnuwa, wanda ya ciza a wuya shi ma ya koma irinsa. Sai da na girma na san cewa daga littafin Bram Stoker na 1897 aka ɗauko labarin, kuma ƙasar tasa, Taransilbaniya, tana cikin Romaniya. A daren nan kowa cewa yake, "Ai maye ne!" Na dawo gida ina ta maimaita kurwata kur, na ƙi kwana sai a bayan Inna.

Abin da ya daɗe yana cina shi ne wannan. Mayen Turawa mai sarauta ne, yana da katafaren gida da dukiya. Wadda ake kira mayya a unguwarmu kuwa wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ɗa ba jika. Ranar da zazzaɓi ya kama wani yaro yana sambatu ya ambaci sunanta, aka jawo ta aka ce sai ta tsallake shi. Ta tsallake tana kuka, tana rantsuwa da Allah. Yaron a asibiti ya warke, amma daga ranar aka daina sayen daddawarta. Ita ce fa take cika mana ƙwarya da gero duk shekara in mun je tashe, har ta taya mu amshi. Na tambayi Inna, "Inna, da gaske Iya mayya ce?" Ta toshe mini baki, ta ce kada ta ƙara jin wannan magana daga gare ni, sannan ta ba ni kuɗi ta ce in je in sayo daddawa a wurinta da rana tsaka kowa na gani.

Tsohuwar ba ta ƙara wani azumin a unguwar ba. Yadda aka yi ta tashi, da wanda ya zo ya tafi da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.