Hayaƙi, gishiri da ƙodar yara

Yaron da ƙodarsa ke yoyon furotin, abu na farko da likita ke rage masa shi ne gishiri. Naman da Amurkawa ke gasawa don shiga gasa kuwa, kafin ya ga wuta sai an lulluɓe shi da gishiri da barkono har launinsa ya ɓace. Shi ya sa da yayata ta kira ni a waya ta ce in zo in kama musu aiki a wata gasar gashin nama da aka shirya don tara kuɗin bincike kan ciwon ƙodar yara, sai da na yi dariya. Na ce, "Yaya, abin da aka hana ɗanki shi za a sayar a nema masa magani?" Ta ce, "Kai dai ka zo. Ai kuɗin ba su da gishiri."

Ɗan nata yana da ciwon da likitoci ke kira nefrotik. Yana ɗan shekara uku abin ya fara, da kumburin ido da safe, irin wanda kowa zai ce barci ne ko kuka, zuwa azahar kuma ya saɓe. Daga baya ƙafa ta kumbura, ciki ya tashi, fitsari ya riƙa kumfa. Kowace ƙoda tana da ƴan matatai wajen miliyan ɗaya, kuma aikinsu irin na rariya ne, ruwa da datti su wuce, furotin ya tsaya cikin jini. A jikin irin waɗannan yara furotin ɗin ne ke bin fitsari, ruwa kuma ya bar jijiya ya taru a jiki. Har yau duk safiya yayata na tsoma wani ɗan tsinken takarda a fitsarinsa na farko, ta jira minti ɗaya, ta kara shi da launukan da ke jikin kwalba. In ya tsaya rawaya, ranar ta yi kyau. In ya koma kore shar kwana uku a jere, ciwo ya dawo ke nan, sai a koma wa magani. Tana da littafin da take rubuta sakamakon kowace rana, kuma ko sutura ta manta a tafiya ba ta manta shi.

Gasar ta bi dokokin KCBS, ƙungiyar masu gashi da aka kafa a birnin Kansas a 1986, wadda gasanni da yawa a Amurka ke bin tsarinta. Rukuni huɗu ne: kaza, haƙarƙarin alade, kafaɗar alade, sai ƙirjin sa. Ni dai na gaya musu tun farko a ba ni kaza da sa, kuma aikina ɗaukar akwatin nama ne daga teburin karɓa zuwa rumfar alƙalai. Tun ranar Juma'a da rana ƴan gasa suka fara isowa, kowa janye da tanderun ƙarfensa a bayan mota. Wani nasa na kamfani ne mai sheƙi, wani kuwa tsohon duro ya yanka ya yi masa ƙafafu. Kafin kowa ya taɓa gishiri sai jami'in gasa ya zo ya duba naman, ya tabbatar ɗanye ne, yana cikin sanyi, ba a riga an jiƙa shi da komai daga gida ba. Ba a dafawa da gas ko lantarki. Itace ko gawayi, shi ke nan.

Ƙirjin sa shi ne mai hana mutane barci. Nama ne mai tauri da jijiya, domin da shi sa ke ɗaukar nauyin gabansa, kuma in ka ba shi wuta mai ƙarfi sai ya ƙara ƙanƙamewa. Don haka nesa da garwashi ake ajiye shi, hayaƙi mai zafin digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Selsiyas ya yi ta ratsa shi na awa 10, wani lokaci har 14, jijiyar ta narke a hankali ta zama maiƙo. Na kwana kusa da rumfar wani dattijo mai farin gemu da ya daɗe a harkar, kuma a wajensa na ga abin da ke firgita sababbin shiga. Can tsakar dare zafin cikin naman ya kai wajen digiri 70, sai ya tsaya cik. Awa ɗaya, awa biyu, ma'aunin zafi bai motsa ba. Wani saurayi a rumfar da ke gefe ya kasa haƙuri, ya yi ta ɗura itace, hayaƙinsa ya koma fari mai kauri. Dattijon ya girgiza kai ya ce da ni wannan hayaƙin ɗaci yake sa wa nama, wanda ake so shi ne siriri mai ɗan shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa. Ya ce naman gumi yake yi, ruwan da ke tashi daga jikinsa yana sanyaya shi daidai da yadda wuta ke ɗumama shi. Ko dai ka jira ruwan ya ƙafe, ko ka naɗe shi a takarda ka hana gumin tashi. Shi naɗewa ya yi. Gab da asuba ya kai digiri 94, ya soka masa tsinken ma'auni ya ji ya shige ba tare da turjiya ba, ya sauke, ya naɗe da tawul ya sa a akwatin ajiye zafi, sa'annan ya miƙe a kujera.

Ranar Asabar da ƙarfe 12 ake miƙa kaza, daga nan kowane rabin awa rukuni ɗaya, ƙirjin sa ne na ƙarshe da ƙarfe 1:30. Minti biyar kafin lokaci zuwa minti biyar bayansa kawai ake karɓa, kuma na ga babban mutum yana gudu da farin akwati a hannu biyu, matarsa na gaba tana kore masa mutane. A teburin karɓa ake sauya lambar akwati don kada alƙali ya gane na wane ne. Alƙalai shida a kowane tebur, kowa da yankansa, su duba kyan gani, su ji ɗanɗano, su gwada laushi, su ba da maki daga 2 zuwa 9. Ɗanɗano ya fi nauyi a lissafi. Ba mai magana, ba mai yamutsa fuska, tsakanin yanka da yanka sai ruwa da busasshen biskit. Gaskiya ban taɓa ganin mutane suna cin nama da fuskar jana'iza haka ba.

Akwai rumfa guda da aka keɓe wa yara masu ciwon. Wata ƙungiya daga cikin ƴan gasar ta ɗauki nauyin gasa musu kaza ba gishiri, da tafarnuwa da lemun tsami da ganyaye, kuma wata ma'aikaciyar asibiti mai kula da abincin masu ciwon ƙoda ta tsaya a kansu. Ita ce ta hana su amfani da gishirin nan na kanti da ake tallarsa a madadin gishiri, domin fotasiyam ne a ciki, kuma yaron da ƙodarsa ta yi rauni sosai ba ya iya fitar da shi, sai ya taru ya taɓa bugun zuciya. Ɗan yayata ya ci cinya biyu, ya zo ya ja mini riga ya ce, "Kawu, wancan na manya ya fi ƙamshi." Ban musa masa ba.

Ita dai ma'aikaciyar ta riƙa zagawa da ma'aunin zafi a rumfar masu soya hamboga, kuma dalilinta na da nauyi. A 1993, a yammacin Amurka, mutum sama da 700 suka kamu da ciwo bayan cin hambogar da ba ta dahu ba, yara huɗu suka rasu. Ƙwayar cutar E. coli O157:H7 ce, wadda gubarta ke lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke tsayar da ƙodar ƙananan yara farat ɗaya. Niƙaƙƙen nama ya fi haɗari, domin abin da ke bayan nama niƙa na shigar da shi ciki. Shi ya sa hukumar noma ta Amurka ke cewa niƙaƙƙen naman sa ya kai digiri 71, kaza kuma 74. Launin nama ba hujja ba ne.

Wani daga cikin masu sayen tikiti ya tambaye ni me ya sa ba za a raba kuɗin ga iyalai ba, su biya asibiti, maimakon a kai wa masu bincike da ba a san ranar da za su gano wani abu ba. Tambaya ce mai ma'ana, kuma na san iyalan na bukata. Amma ni ina bayan binciken, saboda abin da na gani a gidan yayata. Maganin farko da ake ba yaro mai nefrotik yau, wato firednisolon, danginsa ake bayarwa tun shekarun 1950. Yana aiki, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na yaran furotin ɗinsu na tsayawa. Sai dai yawancinsu ciwon na dawowa, wasu sau da yawa, kuma duk dawowa sai an sake ɗura musu maganin. Fuska ta yi fam, yunwa ba ta ƙarewa, yaro mai sanyin hali ya koma mai jifa da kwano, hawan jini ya leƙo, tsawo ya tsaya, ƙashi ya yi laushi. Shekara saba'in ana ba yara wannan magani, kuma sai kwanan nan aka fara fahimtar abin da yake gyarawa.

Har tsawon lokacin da ya kamata a sha shi sai da aka yi ta gardama. An daɗe ana zaton in aka ja shi wata huɗu ko shida tun karon farko, ciwon zai jinkirta dawowa. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da yara sama da 200, aka buga sakamakonsa a 2019, ya gwama mako 8 da mako 16, ya tarar ƙarin bai jinkirta komai ba. Ba sabon magani aka samo ba, amma a tambayi uwar da aka rage wa ɗanta wata biyu na wannan ƙwaya ko binciken ya amfane ta.

Sauran yaran da maganin bai kama su ba, su ne abin tausayi. Da yawansu ƙodar na yin tabo har ta gaza, sai wankin ƙoda, ko dai sau uku a mako a asibiti na wajen awa huɗu, ko kuma inji a gefen gado yana zuba wa yaro ruwa a cikinsa yana zuƙewa duk dare, har a samu dashe. A 1998 ƙungiyar Karl Tryggvason ta gano ƙwayar gadon da ke ƙera nefrin, wani furotin da ke riƙe da matatar ƙoda, ta hanyar nazarin jariran Finland da ake haifa da ciwon. A 2000 ƙungiyar Corinne Antignac a birnin Faris ta gano ta biyu. Amfanin wannan a fili yake: yaron da aka gwada aka ga nasa na gado ne, ba sai an wahalar da shi da magungunan danne garkuwar jiki da ba za su yi masa komai ba, kuma in an yi masa dashe da wuya ciwon ya bi sabuwar ƙodar.

Wasu kuwa yana bi, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan da dashen. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda likitocin birnin Chikago suka buga a 2012. An dasa wa wani saurayi ƙodar ƴar'uwarsa, nan da nan ta fara yoyon furotin. Bayan mako biyu aka cire ta aka dasa wa wani mutum daban, sai ta warke ta ci gaba da aiki. Wato ƙodar lafiyarta ƙalau, akwai wani abu a jinin saurayin da ke kai mata hari. A 2022 masu bincike a Boston suka ba da rahoton cewa a jinin wasu masu nefrotik akwai sojojin garkuwar jiki da ke afka wa nefrin ɗin nan, a 2024 kuma wata ƙungiya a Hambog ta Jamus ta same su a jinin yara da yawa masu ciwon, ta nuna suna ƙaruwa in ciwo ya tashi, su ragu in ya lafa.

Kuɗin gasar nama ba za su ɗauki nauyin irin wannan aiki ba, kowa ya sani. Manyan kuɗi na hannun hukumomi irin su cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka. Amma su ba sa buɗe jaka sai ka nuna musu sakamakon farko, kuma sakamakon farko na bukatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da mai zama da iyaye ya nemi izinin ajiye jinin ƴaƴansu, da albashin matashin likita na shekara guda. Yara masu wannan ciwo ba su da yawa a kowane asibiti, kamfanonin magani kuma ba su cika rububin kasuwa ƙarama ba. Nan ne ƙananan kuɗi ke shiga.

Abu guda ne ya ɓata mini rai. Da yamma, da aka zo sanarwa, mai riƙe da lasifika ya faɗi jimillar abin da aka tara, aka yi ta tafi. Bai faɗi nawa ya tafi hayar fili da rumfuna da inshora da kyaututtuka ba. Dattijon nan ya zo na biyu a ƙirjin sa, kuma a nan take ya mayar da ambulan kyautarsa cikin akwatin gudummawa, wasu ma suka bi sahu. Mutanen da suka yi haka sun cancanci a gaya musu abin da ya rage bayan an cire kashe-kashe, da sunan binciken da zai karɓa. A Amurka yawancin ƙungiyoyin agaji na cike fom mai lamba 990 duk shekara, kuma kowa na da damar dubawa. Na gaya wa yayata zan nemi nasu. Ta ce tun da bakina ya iya tambaya, ta riga ta ba da sunana a kwamitin kuɗi na baɗi, taron farko kuma ranar Laraba ne da ƙarfe 7.