Kafin ki kwanta a zana miki gira, kin ga kwalbar tawadar kuwa?

'Yan uwana mata na Legas, zanen girar nan na dindindin da jan leɓen da ba ya goguwa sun shigo mana sosai, daga Agege har Idi-Araba yanzu amarya sai ta ce ita ma sai an yi mata. Kowa hoton Instagram take kallo ta tambayi kuɗi, ba mai cewa a nuna mata abin da za a cusa mata a ƙarƙashin fata, wallahi abin na damuna.

Wannan fa ba gazal ba ne da za ki wanke da daddare. Allura ce ke tura launi cikin fata ya zauna shekaru. Yawancin launin gira daga sinadarin tsatsar ƙarfe ake yinsa ko baƙin gawayi, shi ya sa za ki ga bayan wani lokaci girar wata ta koma ja-ja, ta wata kuma toka-toka kamar shuɗi. In kuma kika ce a goge da lesa, wato na'urar haske mai ƙarfi da ake goge zanen jiki da ita, tawadar da ke da tsatsar ƙarfe ko farin titaniyom tana iya rikiɗewa ta yi baƙi ƙirin nan take, musamman ta leɓe. Jan launi kuwa shi ya fi kowanne tayar da ƙaiƙayi da kumburi, kuma wani lokaci ba ranar zai nuna ba sai bayan watanni, ga mu baƙar fata da saurin yin tabo mai tudu.

Tarayyar Turai tun Janairun 2022 ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a irin wannan tawada. Amurka ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta amince da ko launi ɗaya don a tsira cikin fata ba, kuma an sha janye tawada daga kasuwa saboda ƙwayoyin cuta a kwalbar da ko buɗe ta ba a yi ba. To ina ga wadda aka juye a wata 'yar roba ba suna ba kwanan wata, a tsakiyar hayaniyar Ikeja inda samari ke jan hannunki wai zo a mayar miki da leɓe finki?

Maganar hukuncinsa a addini ki je wa malamai, hadisin zanen jiki sananne ne. Amma in dai kin yanke sai kin yi, ki ce a miƙo miki kwalbar a hannu. Ki duba sunan kamfani, lambar rukunin da aka haɗa, ranar lalacewa da abubuwan da ke ciki. A buɗe sabuwar allura a gabanki saboda ciwon hanta, kada a tsarma tawadar da ruwan famfo, ki ɗau hoton kwalbar ki ajiye a waya don likita zai tambaya in fata ta rikice ko za a yi miki hoton cikin jiki na MRI a asibiti. Mai aikin da ta ɓata rai don kin tambaya, ɗauki jakarki ki fita.