Magana zarar bunu ce, ko a fada ko a waya

Ƙannena, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku idan rigima ta tashi a gurup ɗin WhatsApp: "Ai maganar waya ce, ƙyale ta." Ni ma na daɗe ina faɗarta. Kuskurena gida biyu ne. Abin da na tura nakan ɗauke shi raha, irin ta gindin butar shayi, abin da aka turo mini kuwa nakan ɗauke shi kamar an faɗa mini ido da ido. Ashe na juya ma'aunin ne. Abin da ka tura ya fi maganar baki nauyi, abin da ka karanta kuma bai kai ta ba sai ka tabbatar da shi.

A fada, in baki ya suɓuce maka, mutum goma ne suka ji, babba ya ce "kai, ya isa", kafin a zuba shayi na biyu an wuce wurin. Gurup ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1024, kuma ba ka san wa ke riƙe da kowace waya ba. Minti 15 gare ka ka gyara rubutu, wajen kwana biyu ka goge shi ga kowa, amma gogewa ba ta kai ga wanda ya riga ya ɗauki hoton allo ko ya tura gaba. Tana ma barin tabo, kowa ya ga an goge wani abu, sai a bi ta bayan fage ana tambayar me ka ce. Saƙon da ke ɓacewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, da hoton da ake buɗewa sau ɗaya, duk waya ta biyu tana ɗaukarsu. Gaskiya ne an kulle saƙo tsakanin wayarka da ta abokinka, to amma wayar tasa tana zuwa wurin mai gyara, ƙanensa yana aronta, yara suna wasa da ita.

Vokal, wato saƙon murya, ya fi komai kama mai shi, don murya ba ta musantuwa. Kafin ka tura, ka tsayar da ɗaukar ka saurari kanka, manhajar tana ba da wannan dama. Ka fara da sunan wanda kake wa magana da batun da kuke kai, don ko an tura gaba ya tafi da asalinsa. Kada ka kama sunan wanda ba ya nan da abin da ba za ka iya maimaitawa a ƙofar gidansa ba. In ya wuce minti biyu, kira ya kamata ka yi.

Hukuma ma ba ta ɗauke ta maganar waya ba. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. A 2022 an cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, a Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a kuma shekara 2 zuwa 5. Kalmar "yaɗa" ita ce ya kamata ku riƙe, don mai turawa gaba ma yaɗawa yake. "Yadda na samu haka na tura" ba ta wanke kowa, ko a komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko a wurin Allah. Aya ta 6 a Suratul Hujurat bincike ta ce a yi. Idan ka ga alamar kibiya biyu a kan saƙo, ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka, wato mai turo maka bai san mafarinsa ba. Wa ya faɗa, a ina, yaushe? In ɗaya ta rasa amsa, saƙon ya kwana a wayarka.

Abin da aka turo maka kuwa, a nan na fi yin asara, don fushi da rubutu arha ne. Hausa harshe ne na karin sauti, rubutunmu kuma ba ya nuna shi. "Ya biya" yana iya zama labari, an riga an biya, yana iya zama umarni, a ce masa ya biya. Yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a haruffa, ba sa raba kalmomi, sai ka ga "na bata kudin", ka rasa ko ya ba ta kuɗin ne ko ya ɓata su. "To" guda ɗaya a baki tana iya zama yarda, gargaɗi ko gajiya, fuska ce ke rarrabewa, a rubuce kuwa duk ɗaya ne, kai ne za ka ɗora mata muryar da ke ranka a lokacin. Haka wasan Babarbare da Bafulatani: a Birni ko Zango, nan Damagaram, kowa ya san wasa ne, a gurup mai baƙi sai wani ya karanta shi zagin ƙabila. Ga kuma shuɗin maki biyu da ke hana mutane barci, "ya gani bai amsa ba". Mai yiwuwa yana kan babur, ko mega ta ƙare, ko babu wuta waya ta mutu, ko ɗansa ne ya buɗe.

Maganin bai da wuya. In saƙo ya sosa maka rai, kada ka amsa sai ka yi salla ɗaya a tsakani. Sannan ka tambaya, "me kake nufi da kaza?", kada ka amsa abin da ka zata. In kun yi musayar saƙo sau uku magana tana ƙara zafi, a daina rubutu, a kira. In kiran bai kashe ta ba, a haɗu, da mutum na uku wanda ku biyun kuke jin nauyinsa. Gardama a gaban gurup ba ta mutuwa, don kowa yana kare girmansa ne a idon ƴan kallo.

Harkar kuɗi ita ce inda rubutu ya fi baki, in an yi shi daidai. Mu nan da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5. Mutum ya ce "dubu goma": sefa 10,000 yake nufi, ko dala dubu goma, wato sefa 50,000, ko naira ce tunda kayan daga Kano za su taso? Na sha barin irin wannan a vokal, ranar biya kowa ya rantse, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Bayan kun gama ciniki, ko a Kasuwar Dole ko ta kira, ka rubuta saƙo ɗaya: sunan kaya, yawansu, in buhu ne tiya nawa ke ciki, farashi da lamba tare da sunan kuɗin, ranar biya, wanda kuɗin mota da na dako ke kansa. Shi kuma ya amsa a rubuce "na yarda", ba da hoton babban yatsa ba. In bashi ne, ka sa shaidu, yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar, kuma ka ajiye hoton saƙon a wani wuri, don waya tana ɓata, kuma shi ma yana iya goge nasa.

Sai dai rubutu ba ya nuna hannun da ya yi shi. Ɓarayin lamba suna kira su ce an turo maka lambobi 6 bisa kuskure, ka karanto musu. Ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su bi danginka da hotonka suna roƙon kuɗin asibiti. Lambobin nan ba a ba kowa. Ka shiga saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri taka. Duk wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, ko yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka kira layinsa kai tsaye ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Hoton shaidar tura kuɗi kuma ana ƙirƙirarsa. Kada kaya su bar hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka na kamfanin tura kuɗi, Nita ko Amana, ko ka karɓa a hannu.

Akwai maganganun da ƙafa ce ke kai su. Gaisuwar mutuwa ga wanda kuke gari ɗaya, neman aure, sulhu, ban haƙuri ga wanda ya girme ka. Ka rubuta "Allah ya jiƙan rai" a gurup alhali gidan makokin yana Garin Malam kana Sabon Gari, za a lissafa ka cikin waɗanda ba su zo ba. Wanda ke Agadas ko Libiya ko Aljeriya, shi kiransa zuwa ne, kuma a amsa masa da cikakkiyar gaisuwa, ba a tsaitsaye ba. In babba za ka rubuta wa, sallama da gaisuwa tukuna, Baba ko Malam ko Hajiya yadda kake kiransa a gida, ba gajerun haruffan da kuke yi tsakaninku ba. Ƴan uwa masu aure kuma, ku kiyayi kalmar saki a waya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, sakin da aka rubuta da niyya yana aukuwa, gogewa bayan minti biyu ba ta mayar da shi. In ya riga ya fita, wurin malami za a je da wayar, a nuna masa lafazin yadda yake.

Laifin da aka yi a gaban gurup kuma ba ya gyaruwa a ɓoye kaɗai. Ka je ka same shi ka ba shi haƙuri, sannan ka dawo gurup ɗin da ka yi maganar ka rubuta gajeren saƙo: abin da na faɗa a kan wane ba haka ba ne, na same shi, ya yafe. Ban da "in na ɓata wa wani rai", ka kama sunansa yadda ka kama shi ranar farko. In ka san waɗanda suka tura maganar gaba, ka tura musu gyaran ɗaya bayan ɗaya, ka roƙe su su kai shi inda suka kai ta farkon.