Motoci biyu daga Kwangila

Da yamma nakan koyar da lissafi a zauren gidanmu da ke Tudun Wada, ga yaran unguwa masu shirin WAEC da JAMB. Kowannensu ya haddace cewa nisa shi ne gudu sau lokaci. Amma da zarar tambaya ta zo da labari, sai ka ga biro ya tsaya cik.

Shi ya sa na koma kawo musu hanyar da suka sani. Na ce bas ta tashi daga Kwangila da ke Zariya za ta Kano, tana gudun kilomita 60 a awa. Bayan minti 30 ƙaramar mota ta bi ta da gudun 80. Yaushe za ta cim mata?

Na hana kowa taɓa lamba tukuna. Na ja dogon layi a allo, na tambaye su: a daidai inda ƙaramar ta kamo bas, me ya zo ɗaya a tsakaninsu? Zauren ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai nisan da suka ci ɗaya ne." Wallahi na ji daɗin amsar nan, don a nan aikin yake, sauran duk bin ƙa'ida ne.

Muka sa t a matsayin awannin ƙaramar mota. Bas ta riga ta da rabin awa, nata lokacin t + ½ ke nan. Sai muka rubuta 80t = 60(t + ½). Aka buɗe baka, 20t = 30, t ya fito awa ɗaya da rabi. Muka gwada: bas ta yi awa biyu, kilomita 120, ƙaramar ma 120. Sun haɗu kafin su shiga Kano.

Wasu sun rubuta t + 30, suka samu awa 90. Ban soke musu ba, na ce su faɗa mini ko kwana nawa ke nan. Da suka ga ya kusa kwana huɗu, da kansu suka gane sun cakuɗa minti da awa.

Tambayar da ta fi kayar da yara ita ce ta matsakaicin gudu. Ka je Kaduna da gudun 60, ka dawo da 40, nan take kowa zai ce 50. Ba haka ba ne, domin ka fi daɗewa a hanya lokacin da kake tafiya a hankali. Kira nisan d: zuwa d/60, dawowa d/40, tafiyar duka 2d. Raba 2d da jimillar lokacin, d zai soke kansa, a bar ka da 48. Wani yaro ya ƙi yarda sai da ya sa kilomita 120 ya lissafa: awa biyu zuwa, awa uku dawowa, 240 a raba da 5.