Faifan haske a cocin Roma da Ravenna

Kashegarin saukarmu a Roma ƙafa ta kai ni wani ƙaramin coci, Santa Prassede, kusa da Santa Maria Maggiore. Shiga kyauta ne, amma ciki da duhu, sai ka jefa kwandalar yuro a wani akwati fitila ta kama na ɗan lokaci. Haushi ya kama ni, wai har haske sai an saya! Da ta kama kuwa sai na yi tsit. Bango duk zanen ƙananan duwatsu ne masu ruwan zinariya, kowane mai tsarki da da'irar haske a bayan kansa kamar an jingina masa faifai. A cocinmu bango fari ne fat, idona bai saba ba.

Sai na hangi wani a gefe, nasa hasken murabba'i ne. Wani dattijon Fada da ke wucewa ya ga na ƙura ido, ya tsaya. Ya ce wannan Paparoma Paskal na ɗaya ne, wanda ya sake gina cocin tsakanin 817 da 824, kuma murabba'in yana nuna yana raye aka zana shi. Na Yesu kaɗai ke da gicciye a ciki.

Na ce, "Fada, wannan da'irar tana cikin Littafi Mai Tsarki?" Ya yi dariya. "Ɗana, da'irar babu. Hasken akwai." Ya ambaci Fitowa 34, inda fuskar Musa ta yi ta ƙyalli har ya sa lulluɓi, da Matiyu 17, inda fuskar Yesu ta haskaka kamar rana. Siffar kuwa ta girmi Kiristanci: Girkawa da Romawa sun zana allahn rana da ita, har Buddha ma an yi masa. Bai ɓoye komai ba, bai kuma karɓi ko sisi ba. A ganina masu zane ne suka rasa yadda za su sa ɗaukaka a bango, suka ari abin da jama'a suka riga suka sani. Wanda ya ce umarnin Allah ne ya wuce gona da iri.

A kogunan kaburbura na Priscilla na ga zanen Yesu a matsayin Makiyayi Mai Kyau na ƙarni na 3 ɗauke da dabba, babu faifan haske a kansa. A wani cocin kuma mai gadi ya daka mini tsawa kan hular da na manta a kai, kamar na yi sata.

Ravenna jirgin ƙasa ya kai mu, tikitin ya ci kuɗi. A cocin San Vitale, da aka keɓe a 547, a zanen bango sarki Justiniyan da matarsa Tiyodora kowa da nasa faifan, alhali Bishop Maksimiyan da ke tsaye kusa da sarkin ba shi da shi. Florence ruwan sama ya hana mu sakat, daga nan sai filin jirgi.