Daga bakin kogin Loire zuwa iyakar Sifen a kan keke mai sirdi biyu

Wanda ya zauna a bayan keke mai sirdi biyu ba shi da birki, ba shi da giya, kan keken ma ba a hannunsa yake ba. Aikinsa taka feda. A nan na zauna, yayana yana gaba, muka bi ayarin masu kekuna a hanyar Vélodyssée, wadda ta taso daga Roscoff ta gangara gaɓar Tekun Atilantika ta Faransa har Hendaye, tsawon fiye da kilomita 1,200. Mu a Saint-Brevin muka shiga, inda kogin Loire ke zuba cikin teku.

Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedarmu, don haka in ƙafarsa ta tsaya tawa ta tsaya. Tunda bayansa kawai nake gani, bakinsa ne idona. "Rami!" sai in ɗaga jiki. "Zan sauya giya," sai in sassauta ƙafa. Ran da gajiya ta sa ya yi shiru, a ƙuguna na ji kowane gargada. Na ce, "Yaya, don Allah ka riƙa magana." Bai sake yin shiru ba.

Amma fa na baya shi ke morar tafiya. Yaya na fama da kwalta, ni ina kallon filayen gishiri da jiragen masunta, ina ba shi labari.

Mun ratse zuwa tsibirin Noirmoutier don mu bi Gois, wata hanya mai ɗan fiye da kilomita 4 wadda teku ke shanyewa sau biyu a rana. Sai ruwa ya janye ake bi, kuma an kakkafa hasumiyoyi a gefe domin wanda ruwa ya rutsa da shi ya hau. Duwatsun da aka shimfiɗa a jiƙe suke, ga santsi. Shugaban ayari ya jera mu ɗaya bayan ɗaya, ya hana tsere. Dama da hagu mutane ne durƙushe da bokitai suna tonon ƙumba a inda ɗazu teku yake. A nan na fi jin nauyin amanar da na damƙa wa Yaya, don in tayar gaba ta zame ba ni da abin kamawa sai addu'a.

La Rochelle da Rochefort muka wuce, a Royan muka shiga jirgin fito ya haye da mu bakin kogin Gironde. Daga can sai dajin Landes, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda akasarinsu aka dasa bayan dokar 1857 ta zamanin Napoleon na Uku. Hanya miƙaƙƙiya, ba tudu. Nan kekenmu ya nuna kansa: ƙarfin mutum biyu, amma iska kusan ta mutum ɗaya take tarewa. Duk ran da iskar teku ta taso mu ake sawa a gaba, sauran su laɓe a bayanmu, kuma wallahi na ji daɗin wannan aiki. Kusa da tudun yashin Pilat, wanda ya haura mita 100, mun ratsa inda gobarar 2022 ta cinye daji. Hira ta ɗauke a ayarin na tsawon lokaci.

Bayan Biarritz ƙasa ta sauya, hawa da gangara ba hutu. Waɗanda suka sha inuwarmu a Landes suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, don keke mai sirdi biyu nauyi gare shi a tudu, kuma miƙewa tsaye a kan feda sai an daidaita numfashi. Amma ba su bar mu ba; a kan kowane tudu muna tarar da su suna jira. A gangara Yaya na kama birki kaɗan-kaɗan kada ƙarfen taya ya yi zafi.

Mu ne na ƙarshe da muka shiga Hendaye. Ayari na tsaye a bakin kogin Bidasoa, Sifen na tsallake, suka tarbe mu da ƙararrawar kekuna har muka sauka.