Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Mario ya shigo gidanmu

Makon jiya na tsaya a kan dawowar Kawu daga Kano da kayan sallah. A cikin kayan akwai wani kwali da ya hana kowa taɓawa sai bayan isha'i. Ashe gem ne, irin wanda ake jonawa da talabijin ta wajen eriya. Lokacin muna Tudun Wada a Gusau, ba a daɗe da cire Zamfara daga jihar Sakkwato ba a 1996.

Na'urar ba ta kamfanin Nintendo ba ce ta asali, kwaikwayo ce, kuma kaset ɗin da ya zo da ita ya yi alkawarin wasanni bila adadin, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Guda ɗaya ya ishe mu: Super Mario Bros., wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1985, aikin Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa. Ya haura shekara goma kafin ya iso mana, amma a wurinmu ranar aka haife shi.

Har gobe abin da ke burge ni shi ne ba wanda ya koya mana. Turancinmu bai taka kara ya karya ba, wasan kuma bai nema ba. An ajiye Mario a hagu, fili yana dama, to ina za ka nufa? Ɗan dodon farko ya taho ya kashe ka, ka gane sai da tsalle. Ka bugi bulo da ka, laimar kwaɗi ta fito, ta daki koren bututu ta juyo kanka. Kana neman kauce mata don tsoro ta taɓa ka, sai ga ka ka zama ƙato. Cikin minti guda an gama karantar da kai ba da harafi ko ɗaya ba. Wasannin waya na yanzu kuwa sai sun cika maka fuska da rubutu kafin ka motsa.

Duniya 8 ce, kowace da mataki 4. A na huɗun za ka tsallake dodon da ke feso wuta, ka taɓa gatari, gada ta rufta da shi, sannan, in ba a duniyar ƙarshe ba, a ce maka gimbiyar da ka zo ceto tana wata fadar. Ba a ajiye inda ka tsaya. Aka ɗauke wuta, ka koma 1-1, wato matakin farko na duniyar farko. Shi ya sa ranar da wani ɗan unguwarmu ya nuna mana yadda ake bi ta saman rufin 1-2 a faɗa bututun da ke kai mutum duniya ta 4, muka riƙa ganin girmansa.

Ni ƙarami ne, Yaya ke riƙe Mario, ni kuma Luigi ɗan'uwan Mario ne rabona, shi kuwa Luigi ba ya shiga sai Mario ya mutu. Yaya ba ya mutuwa da wuri. Wata rana da jira ya ishe ni na ce, "Yaya, don Allah ka mutu mana!"

Sai muryar Inna daga madafa: "Wa ka yi ma ɗan'uwanai fatan mutuwa cikin gidan ga?"

Duk bayanin Kawu bai karɓu ba. Ta naɗe wayoyin ta jefa cikin adakarta ta kulle, ta ce sai an gama jarrabawa. Yadda jarrabawar ta kaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.